Korar Ceroki da Bayin da Suka Ɗauko Musu Kaya



Da wuya a sami al'ummar da bauta ba ta ratsa tarihinta ba. Rumawa sun yi ta. A kudancin Iraki, bayin da ake kira Zanj sun yi tawaye daga 869 zuwa 883. Mu ma nan ƙasar Hausa mun san rinji, mun san murgu, kuma sai a 1936 doka ta haramta bauta ɗungurum a Arewacin Nijeriya. Na faɗi wannan tun da fari don kada wani ya saurari abin da zai biyo baya kamar labarin wasu mugayen mutane ne can nesa.

Yau ina so mu tsaya kan Ceroki, ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a Amurka, mazauna yankin da ya haɗa Jojiya, Tenesi, Alabama da Karolina ta Arewa. Gwamnatin Amurka ta ce musu in suna son zama a ƙasarsu, to su "waye". Suka kuwa yi duk abin da aka nema. Wani mutum nasu, Sequoyah, ya ƙirƙiro wa harshensu haruffa a 1821. Suka rubuta tsarin mulki a 1827, suka fara buga jarida a 1828. Attajiransu suka shiga noman auduga, suka sayi bayi baƙar fata kamar yadda maƙwabtansu Turawa suke yi. Ƙidayar 1835 ta sami bayi kusan 1,600 a hannunsu. Babban shugabansu ma, John Ross, yana da bayi.

Duk wannan bai tsare musu komai ba. An gano zinariya a ƙasarsu wajen Dahlonega, ga kuma auduga tana neman sabuwar gona. A 1830 Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu kan dokar kwashe ƙabilun asali zuwa yammacin kogin Misisipi. A 1832 Kotun Ƙoli, ƙarƙashin John Marshall, ta ce dokokin Jojiya ba su da hurumi a ƙasar Ceroki, amma ba wanda ya zartar da hukuncin. A shekarar ce Jojiya ta yanka ƙasar filaye-filaye, na noma eka 160, na zinariya eka 40, ta raba wa Turawa ta hanyar ƙuri'a: sunaye a ganga ɗaya, lambobin filaye a ɗaya gangar. Ross ya dawo daga Washinton ya tarar da baƙo zaune a gidansa. Haka aka fitar da attajiri Joseph Vann daga gidan benensa na jan bulo, gidan da bayi suka yi wahalar ginawa, suka share gonakinsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A 1835 wasu 'yan tsiraru, ba da yawun majalisar ƙabilar ba, suka sa hannu kan yarjejeniyar New Echota, suka sayar da ƙasar kan dala miliyan 5. Ross ya kai ƙorafi ɗauke da sunaye wajen 15,000. Majalisar Dattawan Amurka ta amince da yarjejeniyar da ratar ƙuri'a ɗaya tak. A 1838 sojojin Janar Winfield Scott suka tattara mutane daga gidajensu, suka tsare su a sansanoni inda zawo da zazzaɓi suka fara cin yara da tsofaffi, sannan aka tasa ƙeyar kimanin 16,000 zuwa inda ake kira Oklahoma yau. An ƙiyasta 4,000 sun rasu, har da matar Ross.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a cika ambata ba a wannan tafiya. Bawa ne ya kora keken shanu, shi ya saro itace cikin sanyin hunturu, shi ya haƙa kabari. Ubangidansa ya rasa ƙasa, kuma zalunci ne tsantsa aka yi masa. Shi kuwa bawan, da aka isa, sabon daji aka nuna masa ya share. Gonakin da aka bari a baya ma ba su huta ba, domin wasu bayin aka sayo daga Bajiniya da Merilan suka ci gaba da noma su. Ƙwace ƙasa da bauta, audugar nan ɗaya suke yi wa hidima.

A Nuwamban 1842 bayi sama da ashirin, yawancinsu na Joseph Vann, suka kwashi bindigogi da dawakai daga Webbers Falls, a sabuwar ƙasar Ceroki, suka nufi Meziko, inda aka riga aka hana bauta. Mayaƙan Ceroki ne suka bi sawunsu suka kamo su.

Majalisar Ceroki ta 'yanta bayi a 1863, yarjejeniyar 1866 da gwamnatin Amurka kuma ta ba su cikakken haƙƙin 'yan ƙabila. Amma a 2007 aka kaɗa ƙuri'a aka cire jikokinsu daga rajista, wai ba su da jini. Mutanen da kakanninsu suka taka hanyar nan da ƙafa, sai da suka shiga kotu. Kotun tarayya ta ba su gaskiya a 2017, sannan a 2021 Kotun Ƙolin Ceroki da kanta ta goge sharaɗin jini daga tsarin mulkin ƙabilar.