Wasiƙun Philip Quaque na Cape Coast, 1766 zuwa 1811



Yawancin abin da aka rubuta game da gaɓar tekun Gana a ƙarni na 18 ya fito ne daga alƙalamin Turawa, watau 'yan kasuwa da matuƙan jiragen ruwa. Saboda haka wasiƙun Philip Quaque, ɗan ƙabilar Fante, su ke da daraja ga mai binciken tarihi.

An haife shi a Cape Coast wajen shekarar 1741. A 1754 wani ɗan mishan, Thomas Thompson, ya tura shi Ingila karatu tare da yara biyu, amma shi kaɗai ya komo. A 1765 aka naɗa shi limamin cocin Ingila, shi ne kuwa baƙar fata na farko da ya sami wannan matsayi. Ya dawo gida a 1766 da matarsa Baturiya, Catherine Blunt, wadda ba ta shekara ba ta rasu.

Daga nan ya yi ta rubuta wa ƙungiyar mishan da ta aiko shi a Landan har shekara arba'in da biyar. Wanda ya karanta wasiƙun zai tarar kuka ya fi yawa a cikinsu. Turawan ganuwar ba su damu da ibada ba, makarantarsa ta kan buɗe ta kuma mutu, waɗanda ya yi wa baftisma kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya fi ban tausayi shi ne, zaman Ingila ya raba shi da harshen uwarsa, har sai da tafinta ya ke yi wa danginsa wa'azi. Su suna ganinsa Bature, Turawa kuwa ba su taɓa manta launinsa ba.

To, amma akwai wurin da ya kamata mai karatu ya yi hattara. Quaque limamin ganuwar ne, kamfanin da ke kula da cinikin bayi shi ke biyansa, sau da yawa ma da haja maimakon kuɗi, sai ya sayar kafin ya ci abinci. A ƙarƙashin ginin da ya ke aiki aka tsare bayi masu jiran jirgi. Duk da haka wasiƙunsa na farko ba su cika ambatonsu ba, sai daga baya ya soma sukar cinikin, musamman a wasiƙunsa ga limaman Amurka. Tsoro ne ya kame bakinsa, ko kuwa sabo? Wasiƙa dai a kan rubuta ta ne da sanin wanda zai karanta, shi kuwa iyayen gidansa ya ke rubuta wa. Lalle ba matsoraci ba ne, gama a 1791 an dakatar da shi daga aiki don ya ƙi bin gwamna zuwa faɗa a Anomabu.

Ya rasu a 1816, aka binne shi a farfajiyar ganuwar. Sai a 2010 Vincent Carretta da Ty Reese suka tattara wasiƙun suka buga su a littafi guda.