Jawabi bisa ciwon bayan da ke hana tsoho tahiya

Iyayenmu dattawa, da ku ƴan uwa ƴan bida da kunka komo daga Abijan, Kwatanu da Legas, muna gaishe ku, muna yi muku barka da zuwa. Shugabannin ƙungiya sun ba mu magana bisa wani ciwon baya da ke kama mutane daga shekara 50 zuwa sama, wanda mu nan muke haɗa shi da sauran, mu ce duk sanyi ne.

Kun san irin dattijon. Da damana yana duƙe cikin gona da kwasa tun sahe, ba ya kuka da komi. Amma a ce ya taka zuwa masallacin Juma'a, sai ya zamna sau biyu ko ukku bisa hanya. Yara su ce baba ya hi son gona da salla, wasu su ce lalaci ne, wasu kuma su ce an yi mishi sammu. To, wanga abin da ake mishi dariya da shi, shi ne babbar alamar ciwon.

Ga yadda abin yake. Ƙashin baya gaɓoɓi ne jere bisa juna: 7 ga wuya, 12 ga tsakiyar baya, 5 ga tsatso, sannan na ƙasa da sunka manne da juna. Cikinsu akwai rami, kamar na kara in an hidda ɓargonshi, nan laka take bi. Lakar tana ƙarewa wajen gaɓar farko ko ta biyu ta tsatso. Daga nan sai damin jijiyoyi masu sauka zuwa ƙafa, da mafitsara, da dubura, waɗanda lokotoro ke kira wutsiyar doki. In shekaru sunka taru, guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓi ya kan lotse, ƙashi ya yi tsiro, jijiyar da ke ɗaure su ta yi kauri. Sai ramin ya tsuke, ya matse wutsiyar nan, galibi tsakanin gaɓa ta 4 da ta 5. Bisa takardar likita da Faransanci ake rubuta shi, canal lombaire étroit. Wani lokotoro na ƙasar Holan mai suna Verbiest shi ya bayyana shi sosai a 1954.

In mutun ya miƙe tsaye, ramin na ƙara tsukewa. In ya duƙa ko ya zamna, ya ɗan buɗe. Shi ke nan sirrin dattijonmu. Shi ya sa ruku'u ba ya damunshi amma tsayuwar asham ta gagare shi, yana hawa belo ko jaki lahiya lau, hawan tudu ma ya hi mishi gangara sauƙi. Kuma ciwon ya hi yawa ga ƙafa bisa ga bayan kanshi: nauyi da zahi daga ɗuwawu zuwa cinya har sharaɓa, sau da yawa ƙafa biyu duka, da mutuwar ƙafa, da jin kamar tururuwa na yawo cikin fata. Ya zamna mintoci kaɗan, abin ya sake shi, ya tashi, ya sake komowa.

Sai dai a lura, ba kowane mai tsayawa bisa hanya ke da shi ba. Mai toshewar hanyar jini, irin ta masu shan taba da masu ciwon sukari, tsayawa cik ta ishe shi, ba sai ya zamna ba. Wanda kuma ciwon bayanshi ya zo da zazzaɓi, da zuhwar dare, da rama, ko doro ya fara hito mishi, a yi tunanin tarin huka na ƙashi. Wannan yana kama yaro da babba, kuma yana da magani.

Yanzu ku ƴan bida, ku ke aiko da kuɗi, ku saurara da kyau. Mun ga kuɗin da ake zubawa ga ƙwayoyin masu tallar magani bisa tire. Diklofenak da ibuprofen suna rage zahi, amma shan su kullun yana cin ciki da ƙoda, balle ga tsoho. Tramol kuwa, mun ga abin da ya yi wa samarinmu, kada mu kai shi ɗakin iyayenmu. Ƙaho da sakiya fata suke taɓawa, matsin yana can cikin ƙashi. Gara kuɗin nan su zama kuɗin mota zuwa likita. Can kuma kada baba ya ce "bayana ke ciwo" ya yi shiru. Ya faɗi taki nawa yake yi kahin ya zamna, da mi ke ba shi sauƙi, domin da wannan lokotoro ke gane ciwon. Hoton radiyo ƙashi yake nunawa, jijiya sai sikanar ko IRM, irin na manyan likitocin Yamai. Da yawa ba su kai ga aiki. Motsa jiki wajen masu kine, da tahiya kaɗan-kaɗan da sanda ana hutawa, da rage ƙiba suna riƙe mutun shekaru. Kwanciya ɗaki wata da watanni ita ke kashe ƙarhin ƙafa. Zancen yin salla zamne kuwa, mun bar shi ga malammanmu da ke nan.

Akwai alamun da ba a kwana da su gida. In hitsari ya ƙi hita, ko hitsari da bayan gida sunka fara zuba mutun bai sani ba, in tsakanin cinyoyi ya mutu har ba ya jin ruwan tsarki, in ƙafa ta fara jan ƙasa tana zubar da takalmi, a nemi mota ranar nan. Jijiyar da ta daɗe matse ba kullun take komowa ba, ko an yi aiki. Haka in matsin ga wuya yake: hannu ya kasa sa maɓalli ko jan tasbaha, tahiya ta koma kamar ta mai maye. Mun san dattijo ba ya gaya wa ɗanshi zancen hitsari, kunya ba ta bari. Sai ku iyayenmu mata, da abokan hirarshi, ku tambaye shi a keɓe, ku shaida wa ma'ajin ƙungiya don a hidda kuɗin mota daga asusu.

Allah shi ba marasa lahiyarmu sauƙi.