Taurari Masu Tabo: Jawabi Ga Jama'ar Jigwada, Keffi



Duk mutumin Jigwada da ya fito tsakar gida bayan sallar lisha a watan Afrilu, sa'ad da ruwan fari ya wanke hazo, in ya fuskanci arewa zai ga taurari bakwai waɗanda Larabawa ke kira Banatu Na'ash. Huɗu sun yi kusurwa, uku sun biyo su kamar wutsiya. Na wutsiyar da ya fi kusa da huɗun sunansa Aliyot, shi ne kuwa abin magana a yau.

Masana kan rarraba hasken tauraro launi-launi kamar bakan gizo, sa'an nan daga layukan da su ka bayyana ciki su gane sinadaran da ke fuskarsa. Galibin taurari kayansu kusan ɗaya ne da na rana. Amma tun 1897 Antonia Maury ta Harvard a Amurka ta lura da waɗansu da su ka saɓa. Aliyot irinsu ne. Ƙarfen kromiyam ya yi masa yawa, ba kuwa a baje ya ke ba, tabo-tabo ne. Tauraron kan juya sau ɗaya cikin kwana 5 da 'yan sa'o'i, layukan su yi ƙarfi, su dushe, su sake dawowa.

A 1947 Horace Babcock ya auna ƙarfin maganaɗisu a jikin wani tauraro irin wannan, 78 Virginis. A 1960 ya sami wani mai gawus 34,000, alhali na duniyar nan bai kai gawus ɗaya ba.

To, me ya haɗa maganaɗisu da tabo? Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne na Georges Michaud na Kanada, a 1970, kuma duk macen da ta taɓa shiƙar dawa za ta gane shi. Fuskar rana tafarfasa ta ke yi kamar tukunya, kome a gauraye. Waɗannan taurari kuwa a hankali su ke juyawa, maganaɗisu kuma ya riƙe iskar samansu ta natsu. Da ta natsu, sai hasken da ke fitowa daga ciki ya tura sinadaran da ke shansa sama, kamar yadda iska ke ɗauke ƙaiƙayi, nauyin tauraron ya janye waɗansu, irin su hiliyam, zuwa ƙasa. Maganaɗisun kuma ya karkata su, su taru nan da can. Watau yawan kromiyam ɗin nan 'yar fata ce kawai a sama. Wanda ya ƙiyasta cikin tauraron da ita lalle ya yi kuskure, lissafinsa duka ya ɓaci.

Ido ba ya ganin tabon, sai da na'ura. Amma tauraron kansa ba ya bukatar tabarau, don ya fi sauran shidan haske, ko da ya ke da kaɗan ne. Hasken nan da ke sauka Jigwada ya baro shi shekara 80 da ɗoriya.