Alkawari Kaya Ne: Burin Yaran Siriya 'Yan Gudun Hijira



Yaron da aka haifa a sansanin Za'atari na ƙasar Jodan a 2012, shekarar da aka buɗe shi, yau ya tasa, alhali bai san wani gida ba sai sansani. Tun da yaƙi ya ɓarke a Siriya a 2011, miliyoyin mutane suka yi ƙaura, har Turkiyya kaɗai ta taɓa ɗaukar fiye da miliyan 3. Kusan rabinsu yara ne. To, me waɗannan yara suke fata daga ƙasashen duniya?

Abinci da bargo suna da muhimmanci, amma abin da suka fi nanata wa ma'aikatan agaji shi ne makaranta. An kuwa yi musu alkawarinta. A taron da aka yi a birnin Landan a watan Fabrairu na 2016, manyan ƙasashe sun ce kafin ƙarshen shekarar karatu ta 2016/17, kowane yaron Siriya da ke ƙasashen maƙwabta zai shiga aji. Labanan ta buɗe azuzuwan yamma dominsu, amma duk da haka dubban ɗaruruwa ba su shiga ba. Talauci ya tura da yawa aikin gona a kwarin Beka'a.

Ranar 8 ga Disamba, 2024, gwamnatin Bashar al-Assad ta faɗi, kuma a cikin 2025 waɗanda suka koma gida daga ƙetare sun haura miliyan ɗaya. Kada mu ɗauka cewa magana ta ƙare. Yaron da ya koma ya tarar da makaranta a rushe, filin wasa da nakiyoyi. Wanda ya yi karatu da Turkanci yana fama da rubutun Larabci, wani kuma ba shi da ko takardar haihuwa.

Saboda haka burinsu a fili yake: a gina makarantu, a kwashe nakiyoyi, a amince da takardun karatun da suka samo a ƙetare, kada kuma a tilasta musu komawa kafin wuri ya gyaru.

'Yan'uwa, yawancinmu gobe mu ne ma'aikatan gwamnati. Mu tuna cewa alkawarin da aka sa wa hannu a ofis, akwai yaron da yake ƙirga shekarunsa yana jiransa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.