Makaranta ta Biyu: Abin da Gidajen Ɗalibai na Jami'ar Ibadan Ke Koya Mana



Kowace shekara wasu daga cikinmu kan raka ɗa ko 'ya tasha don tafiya jami'a. An biya kuɗin rajista da ƙyar, an ɗaure katifa da bokiti da risho, an ƙulla garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji. Idan aka zo sallama kuwa, nasihar kusan iri ɗaya ce a bakin kowane uba da kowace uwa: karatu aka tura ka, daga aji sai ɗaki, kada ka shiga ƙungiyar kowa. Nasihar nan tana da dalili mai ƙarfi, kuma za mu zo kansa. Sai dai muna so mu auna ta da tarihin jami'ar da ta girmi duk sauran a ƙasar nan, wato ta Ibadan, domin can aka fara gwada zaunar da ɗalibai gida-gida, can aka ci moriyarsa, can kuma aka fara ɗanɗana ɗacinsa.

An buɗe ta a watan Janairun 1948 da ɗalibai 104, a wani tsohon asibitin soja da ke Eleyele, tana kwaleji a ƙarƙashin Jami'ar Landan. Kwamitin Elliot ne ya ba da shawarar kafa ta a rahotonsa na 1945, kuma cikin 'yan Afirka uku da suka zauna a kwamitin akwai Rabaran Israel Ransome-Kuti, wanda ya shugabanci ƙungiyar malamai ta Nijeriya tun kafuwarta a 1931 har sama da shekara ashirin. Waɗanda suka tsara kwalejin idonsu na kan Okisfod da Kambirij na Ingila, inda kowane ɗalibi yake da gidan da ya karɓe shi: a nan yake kwana, a nan yake ci, a nan malamin da ke duba shi yake zaune. Gidajen Ibadan ba su sami 'yancin kansu da dukiyarsu irin na Ingila ba, amma an kwaso sauran tsarin. Da aka koma mazaunin dindindin a 1952 aka soma da Gidan Mellanby, mai sunan shugaban kwalejin na farko, da Gidan Tedder. Sai Gidan Kuti, sai Gidan Sarauniya Elizabeth na mata, daga baya kuma Gidan 'Yancin Kai, da na Nnamdi Azikiwe, da na Sarkin Musulmi Bello, wanda aka raɗa wa sunan Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Duk wanda ya koyar a makarantar kwana ya san ƙanin wannan tsari. Kowane gida yana da babban malami da ke shugabantarsa, da masu kula da ɗalibai daga cikin malamai, da shugabannin da ɗaliban suka zaɓa da kansu. Akwai zauren cin abinci, akwai zauren hira da karanta jarida. A liyafar gida ɗalibai kan sa rigar ilimi, malamai su zauna a teburinsu na gaba, a gayyato baƙo ya yi jawabi. A shekarun farko ɗalibi shi kaɗai yake a ɗakinsa, a dafa masa, a yi masa wanki.

Wannan gata ya sha suka tun a lokacin, kuma sukan yana kan hanya. Ƙasar da yawancin 'ya'yanta ba su ga ƙofar firamare ba, ga shi tana hidima wa 'yan ɗaruruwa kamar 'ya'yan sarauta, wasunsu har suka fito suna ƙyamar gidajen da suka haife su. Ba wannan gatan muke kewa ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne abin da ɗaliban suka yi da sa'o'in da ba na aji ba.

Manhajar da ake koyarwa ta Landan ce. Wanda ya zo karatun adabi, adabin Ingila zai karanta, babu gurbin labarin garinsu ko waƙar kakarsa. To, a ina adabin Nijeriya na zamani da Ingilishi ya tsiro? A mujallun ɗalibai. Chinua Achebe ya shiga a 1948 don karatun likita, bayan shekara guda ya sauya fanni, ya yi asarar tallafin karatun da aka ba shi. Rubuce-rubucensa na farko a mujallar ɗalibai mai suna University Herald suka fito, har ya zama editanta. Shekara biyar da gamawarsa, a 1958, littafinsa na farko ya fito, wanda yau ake karantawa a harsuna da dama. Mabel Segun, wadda ta gama a 1953, ta yi aiki a mujallar nan, ta yi fice a ƙwallon tebur, ta kuma zama marubuciyar littattafan yara. Christopher Okigbo a filin wasa da kiɗan fiyano aka fi saninsa kafin a san shi da waƙe. A 1958 J. P. Clark, yana ɗalibi, ya fara fitar da wata 'yar mujallar waƙoƙi, The Horn, da taimakon wani matashin malami, Martin Banham. Da keken rubutu ake buga ta, a gurza a injin kwafi, a ɗinke. Babu jarrabawa a kanta, babu maki. Amma duk mai nazarin waƙen Nijeriya na Ingilishi sai ya bi ta kanta.

Ku lura da wannan malami. Lokacinsa ya bayar da ƙwarin gwiwa, ya bar yaran suka yi abinsu. Mun san irinsa a makarantunmu: malamin da kan tsaya bayan an tashi don 'yan muhawara ko 'yan wasan kwaikwayo, ba tare da an ƙara masa ko kwabo ba.

Kusa da mu ma an ga haka. A 1958 ɗin dai, a kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗaliban zane, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don tattauna abin da aji ya ƙi taɓawa: yadda za a haɗa dabarun Turai da zanen gargajiya. Ƙungiyar ba ta wuce shekara uku ba, amma ta sauya alƙiblar zane a ƙasar nan.

Ba kowane ɗalibi zai zama Achebe ba, kuma ba don haka muka kawo sunayen ba. Amfanin da ya fi yawa ƙarami ne, ba ya shiga littafin tarihi. Yaron da aka zaɓa ma'ajin ƙungiya ya koyi riƙon kuɗin jama'a da ba da bayaninsa. Yarinyar da ta tsaya takarar shugabancin gida ta faɗi, ta koyi taya wadda ta kayar da ita murna. Wanda ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan Kalaba ko ɗan Ogbomosho, ya ga yadda yake ibada, ya ci tuwon garinsu, suka saɓa a kan kashe fitila suka shirya, zai yi wuya wani ɗan siyasa ya zo daga baya ya ce masa mutanen nan dodanni ne. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana, kuma iya saɓawa ba tare da an raba gari ba darasi ne da babu malamin da zai rubuta shi a allo.

Yanzu sai dalilin tsoron iyaye. A wannan Ibadan ɗin, a 1952, Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar da suka kira Pyrates. Manufarta a lokacin ita ce yi wa girman kan ɗalibai da ƙabilanci ba'a, kuma ba a san ta da makami ba. Amma daga baya aka sami masu ɓallewa da masu kwaikwayo, kowace da rantsuwarta da taron dare, har abin ya rikiɗe ya zama ƙungiyoyin asirin da muka sani. Ranar 10 ga Yulin 1999 'yan irin waɗannan ƙungiyoyi suka shiga Gidan Awolowo na jami'ar Ile-Ife da asuba suka kashe ɗalibai biyar, cikinsu har da sakataren ƙungiyar ɗalibai. Uban da ya ji wannan ya ce wa ɗansa kada ya shiga komai, ba za mu ga laifinsa ba.

Sai dai a duba yadda aka zo nan. A ganinmu, zauren cin abinci ne zuciyar gidan ɗalibai, kuma tarihi ya nuna nauyinsa. Zanga-zangar da 'yan sanda suka harbe Kunle Adepeju a cikinta ranar 1 ga Fabrairun 1971, daga koke kan abincin Gidan Azikiwe ta faro. Rikicin 1978, wanda aka yi wa laƙabi da sunan kwamishinan ilimi na tarayya Kanar Ahmadu Ali, ƙarin kwabo 50 ne a kuɗin abincin yini ya tayar da shi. Aka rasa rayuka a Legas da Zariya, gwamnatin soja kuma ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. A tsakiyar shekarun 1980 aka janye tallafin abincin baki ɗaya. Tun daga nan kowa ya koma dafa nasa a lungun ɗaki, ya ci da 'yan garinsu. Yawan ɗalibai ya yi ta ninkuwa, gine-gine suna nan yadda suke. Ɗakin da aka gina don mutum ɗaya ko biyu ya cika da masu gado da 'yan raɓe, waɗanda ba su samu ba suka watsu a gidajen haya na Agbowo a Ibadan, ko Samaru a Zariya. Malamin da ke kula da gida, ga albashin da bai kai wata ba, ga ɗaruruwan takardun jarrabawa, ya daina sanin fuskokin yaransa. Gida ya koma zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa.

A irin wannan fili ƙungiyar asiri ke yin kasuwa. Ba yaron da ke fita atisayen ƙwallo da yamma, ko mai harhaɗa jaridar bango, take fara nema ba, domin wannan yana da jama'a, kuma idan ya ɓace kwana ɗaya za a tambaya. Wanda take nema shi ne baƙon da bai san kowa ba, wanda aka ci zalinsa a layin famfo babu mai tsaya masa, sai wani ya zo da fara'a ya ce zai kare shi. Ke nan nasihar da ta ce kada ka shiga komai tana iya tura yaro inda ake gudun ya je. Matashi ɗan shekara sha bakwai da ya bar gida karon farko dole ya nemi inda zai raɓa. Abin da ya rage wa iyaye shi ne su taya shi zaɓe.

Bambance ta gari da ta ɓoye kuwa ba shi da wuya, kuma ya kamata kowane yaro ya ji shi daga bakinmu kafin ya tafi. Ƙungiyar kirki tana da rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, tana da malami mai ba ta shawara wanda aka san sunansa da sashensa. Da rana take taro, a ɗakin da kowa zai iya leƙawa. Tana da tsarin mulki a rubuce, ana zaɓe, ana karanta lissafin kuɗi. Mafi girman alama: wanda ya gaji yana iya fita, a gaisa gobe. Duk wadda ta ce kada ka gaya wa iyayenka, ko ta kira ka bayan gari da dare, ko ta nemi rantsuwa, to ta riga ta faɗi sunanta. Mu ƙara da cewa ƙungiyar 'yan gari ɗaya tana da amfani, musamman ranar rashin lafiya ko yankewar guzuri, amma idan ita kaɗai yaro ya shiga, ya je jami'a ne bai bar unguwarsu ba. Ya haɗa da wata: ta sashensa, ta muhawara, ta wasanni, ta agajin gaggawa, ta masallaci ko coci da hukuma ta sani.

Maganar nan ta fi shafar 'ya'yanmu mata, domin su aka fi ɗaure wa nasihar daga aji sai ɗaki. Muna son likita mace da za ta duba matanmu, da shugabar makaranta da za ta tsaya gaban jami'in ma'aikata ta kare malamanta. Wadda aka hana ta buɗe baki a gaban mutum ashirin a Gidan Amina na Zariya, yaushe za ta koyi buɗe shi a gaban ɗari biyu? Kamun kai da iya magana a taro ba kishiyoyi ba ne, mun ga shaidar haka a ɗakunan malamanmu.

Akwai kuma rabon da ya faɗo kanmu a matsayin malamai. Yaron da bai taɓa tsayawa muhawara a sakandare ba, bai taɓa rubuta labari a allon sanarwa ba, da wuya ya nemi waɗannan a jami'a. A makarantu da yawa an cinye lokacin ƙungiyoyi da darasin ƙari don jarrabawar fita, an yanka filin wasa an yi shaguna. Muna roƙon shugabannin makarantu da ke zauren nan su mayar da yammaci ɗaya a mako ga ƙungiyoyi, a sa shi cikin jadawali, a rubuta sunan malamin da ke riƙe da kowace. Muna kuma ba reshe shawara ya tattara sunayen 'ya'yan membobi da ke kowace jami'a, domin wanda ke aji uku ya tarbi sabon shiga a bakin ƙofa, ya nuna masa ofishin harkokin ɗalibai, ya kai shi taron farko. Idan yaran suka dawo hutu, bayan an duba sakamako, a tambaye su su wa ke ɗakinsu, daga ina suka fito, wane malami ne ya san sunansu, ina kuma suke zuwa ranar Asabar da yamma.

Shugaba, mun bar wa zaure waɗannan shawarwari biyu don a tattauna.