Turmin Shekara Shida

Masu girma shugabanni, malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, iyayena mata da maza na Garun Malam, Kura da Bunkure.

Yaro in ya kai shekara 6, wani turmi yana tsirowa can bayan haƙoran nono, sama da ƙasa, guda huɗu. Ba ya jiran famfara, babu haƙorin da ya faɗi ya ba shi wuri. Shi ya sa iyaye ke ɗauka na nono ne, in ya lalace sai a ce ai zai fita. Ba zai fita ba. Da shi za a tauna tuwo har tsufa.

Wannan turmi yana fara ƙullewa a cikin muƙamuƙi daidai lokacin haihuwa, kansa ya kammala wajen shekara 3. Ku manoman Kadawa kun san tumatirin da ya wahala tun a reno, a kasuwar Kwanar Gafan ake ganin aibinsa. Abin da ya sami yaro a ciki ko a goye, a kan turmin nan yake bayyana.

Ba kowace baƙuwar siffa ce cuta ba. Ƙarin tudu a gefen turmin sama, wanda likitan Biyana Georg Carabelli ya bayyana a 1842, gado ne kawai. Akwai kuma turmi mai dogon jiki da gajeriyar saiwa, wanda sai hoto ke nunawa.

Biyu ne ke damuna. Na farko, turmin da ya fito da dabbare-dabbare, fari ko ruwan ɗorawa ko ƙasa-ƙasa, yana marmashewa. Za ku ga yaro na gudun ruwan randa, yana tauna rake ta gefe ɗaya, asuwaki ma ba ya bari ya taɓa wurin. A 2001 masana suka ba matsalar suna, kuma tana samun kusan yaro ɗaya cikin bakwai ko takwas a duniya. Ana danganta ta da wahalar haihuwa da yawan zazzaɓi a jarirantaka. Ba ƙazantar uwa ba ce, kada a ɗora mata laifi.

Na biyu, turmin da kansa ya tsuke ya yi ƙuraje-ƙuraje. Wannan alamar tunjere ce da jariri ya ɗauka tun a ciki. Gwajin jini a wajen awo da allurar fenisilin ga mai ciki, da mijinta, suna tare shi. Saboda haka magidanta, ku bar mata su je awo da wuri.

Malamai, ku leƙa bakin 'yan aji ɗaya. Wanda kuka ga turminsa ya saɓa, a kai shi ga likitan haƙori, in ta kama har Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tun kafin ya yi kogo. Allah Ya raya mana zuriya.