Ƙwayar Cuta Mai Sauya Riga: Ire-iren Rota da Zawon Yara a Bodinga da Shagari



Tsakure

Takardar nan ta duba yadda ƙwayar cutar rota, babbar mai haddasa zawo mai tsanani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, take rarrabuwa iri-iri. Ta kawo abin da aka gano a Sakkwato, Maiduguri da Maradi, sannan ta nuna cewa yawan ire-iren ba hujjar ƙin rigakafi ba ne, hujjar sa ido ne, musamman a karkara inda mutum da dabba ke kwana gida ɗaya.

Gabatarwa

Duk wanda ya yi aiki a asibitin Bodinga ko na Shagari ya san abin da hunturu ke kawowa. Uwa ta shigo da goyo, amai da zawo sun hana shi riƙe nono, idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa. Ka tambaye ta, ta ce haƙori ne. Sau da yawa ta riga ta biya ta kemis, an ba ta Flagyl ko wani maganin kashe bakteriya, alhali ba ya taɓa bairos.

Bairos masu sa yara zawo suna da yawa: noro, astro, sapo, da adino nau'i na 40 da 41. Amma rota ce uwar tafiya. Ruth Bishop da abokan aikinta ne suka gano ta a 1973, a hanjin yara marasa lafiya a Melbourne ta ƙasar Ostireliya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ta kashe yara kimanin 215,000 a 2013, kusan rabinsu a ƙasashe huɗu: Indiya, Nijeriya, Pakistan da Kwango ta Kinshasa.

Riga da hula

Gadon halittar rota ba zare ɗaya ba ne, gutsure 11 ne. Biyu daga ciki su ke ƙera suturar da garkuwar jiki ke fara gani: ɗaya ya ɗinka riga, wadda ake wa lamba da harafin G, ɗaya ya ɗinka hula, wadda ake wa lamba da P. Don haka idan aka ce G1P[8], ana nufin riga mai lamba 1 da hula mai lamba 8. Shida ne suka fi yawo a duniya: G1P[8], G2P[4], G3P[8], G4P[8], G9P[8] da G12P[8].

A nan ne gizo ke saƙa. Idan rota iri biyu suka haɗu a hanjin yaro ɗaya, ko na ɗan maraƙi ɗaya, sukan yi musanyar gutsure yayin da suke hayayyafa, sai a samu 'ya mai rigar wannan da hular wancan. Shi ya sa a Afirka ake yawan cin karo da G8 da P[6], waɗanda ba kasafai ake ganinsu a Turai ba. M. I. Adah na Jami'ar Maiduguri da abokan bincikensa sun nuna a 2003 cewa G8 da aka samu a jikin mutane a Nijeriya 'yar'uwa ce ta kusa ga G8 ta shanunmu.

Abin da Sakkwato ta nuna

A 2016, B. R. Alkali da abokan aikinsa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo suka buga sakamakon gwajin kashin yara 200 masu zawo a Sakkwato. An samu rota a kashi 25.5 cikin ɗari, wato yaro ɗaya cikin huɗu. Daga samfur 27 da aka tantance rigarsu, 16 G4 ne, G1 huɗu kacal, G2 da G3 uku-uku, G12 ɗaya. Ke nan G1, wadda ta daɗe tana sarauta a duniya, a nan 'yar rakiya ce.

Hular ta fi ban mamaki. Cikin samfur 23, an samu P[8] a 11, P[6] a uku, sai P[9] a tara. Ita P[9] an fi saninta a jikin kyanwa, kuma da wuya a gan ta a mutum. Samunta da wannan yawa alama ce ta cuɗanya tsakanin ƙwayar mutum da ta dabba.

To, mu dawo gida. Bodinga da Shagari ƙasar noma da kiwo ce, a kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. Turken awaki yana tsakar gida, a nan yaro ke rarrafe. A bakin dam ɗin Shagari da rijiyoyin fadama, inda ake ɗiban ruwa nan garke ke sha. Kasuwannin mako suna haɗa dabbobin gari da na baƙi. Duk sharaɗin da musanyar gutsure ke bukata ya cika. Amma sakamakon 2016 hoto ne na lokaci ɗaya, kuma an ɗauke shi kafin rigakafi ya shigo.

Rigakafi da ire-iren ƙwayar

A watan Agustan 2022 Nijeriya ta sa rigakafin rota cikin jerin na yara. Ɗigo ne a baki, sau uku: mako 6, 10 da 14. Wanda aka kawo shi ne Rotavac na Indiya, kuma asalinsa darasi ne. An ƙera shi daga ƙwayar 116E, mai lamba G9P[11], da aka samu a jikin jarirai a wani asibitin New Delhi cikin shekarun 1980. Ita kanta haɗin mutum da saniya ce.

Mai tambaya zai ce: idan G4 ke yawo a Sakkwato, me G9 za ta tsinana? Amsar ita ce garkuwar jiki ba riga da hula kaɗai take haddacewa ba. Gwaje-gwajen Malawi da Afirka ta Kudu sun nuna wani rigakafin rota, Rotarix, mai G1P[8] kawai, ya kare yara daga wasu ire-iren. Maƙwabtanmu ma sun ba da shaida: a Madarunfa ta jihar Maradi, gwajin rigakafin Rotasiil da aka buga a 2017 ya nuna ya rage zawon rota mai tsanani da kashi 66.7 cikin ɗari. Bai kai na Turai ba, inda ake haura 85, kuma ana danganta giɓin da tamowa da yawan cututtukan hanji. Sai dai inda cuta ta fi yawa, nan rigakafi ke ceton rai mafi yawa.

Shawarwari

Na ɗaya, a mai da babban asibitin Bodinga da na Shagari wuraren tattara samfur duk shekara, rani da damina, ana aikawa jami'a don tantance G da P. Na biyu, likitocin dabbobi su ɗauki samfurin maruƙa, 'yan awaki da kyanwoyi daga unguwannin da yaran suka fito, a kwatanta. Na uku, a riƙa gwada noro, domin a Amurka da Nikaraguwa ita ta hau gaba bayan rigakafin rota ya kankama. Na huɗu, ungozomomi, limamai da masu unguwanni su taya mu kashe zancen haƙori. Na biyar, kada ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14 su yanke a kowane ɗakin shan magani.

Kammalawa

Lambobin G da P aikin ɗakin gwaji ne, uwar da ke Shagari ba ruwanta da su. Abin da ya dame ta ɗanta ya kai yaye. Amma mu da muka ce ta kawo shi ɗigo sau uku, wajibinmu ne mu san ko ƙwayar da ke yawo a ƙauyensu ta sauya riga, mu kuma sani tun kafin layin iyaye mata a ƙofar asibiti ya gaya mana.

 Allah Ya raya mana zuri'a.